SANA'A SA'A: Kada a Bar Jaki a Daki Taiki

A wannan fili namu muna taɓa ayyukan hannu da 'yan'uwanmu ke ci da su a Faraku da Jugu da kewaye. A wannan wata za mu leƙa wajen makaɗa, kuma dalilin haka wani abu ne da ya faru a ƙofar gidana.

Ranar wata Laraba bayan la'asar ina zaune a nan Titiru, sai ga wani saurayi, ɗan maƙwabtanmu, ya sauko daga kan kabu-kabu rungume da jitar nan mai babbar murya wadda makaɗa ke kira bas. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Baba, na shiga uku." Na ce, "Lafiya, ɗana? Zauna tukuna." Ya zauna ya kwance mini zance. Ashe jitar ba tasa ba ce, ta maigidansu ce, shugaban ƙungiyarsu, kuma ranar Asabar suna da kiɗan biki a Jugu, har an karɓi rabin kuɗi. Tsirkiyoyin jitar sun mutu, ya tara 'yan jikkokinsa ya ba wani ɗan'uwa mai zuwa Kwatano saƙo, an kawo masa sababbi. Da ya zo sawa, sai babbar tsirkiya ta shiga ramin ƙarfen da ke gindin jitar, ta tafi har kusan ƙarshe, ta cije. Ya ja, ya murɗa, ya shafa mata sabulu, ta ƙi. Ya ce shi dai ya tabbata jabu aka sayo masa, kuma yanzu zai wuce wajen mai walda a huda masa ramin da babban baki. Ya biyo ne kawai in ara masa abin kwance sukurori.

Na ce masa, "Ajiye nan. Ba za ka je ko'ina ba sai mun duba jakin."

Me ake nufi da jaki?

Duk wanda ya taɓa riƙe goge ko garaya ko gurmi ya san ɗan guntun icen nan da ke zaune a kan fata, tsirkiya ta hau kansa. Iyayenmu jaki suka sa masa suna, domin shi ke ɗauke da kaya. Abin sha'awa, Faransawa sunan da suke kiransa da shi ma'anarsa ɗan ƙaramin doki, Ingilishi kuwa gada suke ce masa, ƙananan ƙarafan da tsirkiya ke hawa kuma su ce sirdi. Mu dai a wannan fili za mu riƙe namu: jaki da siradansa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tak ta kuntigi ya zaga duniya, kuma ko shi, da abin da tsirkiyar ke hawa ya goce, da kuntigin bai yi magana ba.

Bambancin kawai shi ne nauyin kayan. Tsirkiyoyi huɗu na bas, in an ɗaure su daidai, ƙarfin jan da suke yi ya kai kimanin kilo 70 zuwa 80, wato kamar ƙato ɗaya ya rataya a jikin jitar dare da rana. Shi ya sa jakinta na ƙarfe ne, an kafe shi da sukurori a jikin katako. Wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fitar da irin wannan jita kasuwa har ta karɓu, a 1951, ya sa mata suna Precision Bass, a 1960 kuma ya ƙara da Jazz Bass. Yawancin jitocin da ke hannun samarinmu kwaikwayon waɗannan biyun ne, kuma jakinsu iri ɗaya ne: farantin ƙarfe da aka lanƙwashe bayansa, da ramuka huɗu, da sirada huɗu, kowane sirdi da ƙananan sukurori biyu na ɗagawa da saukewa, da dogon sukuru ɗaya mai sifirin na turawa gaba ko ja baya.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan kaya baƙo ne a garin nan. Ƙungiyar Super Borgou ta Faraku, ta su Musa Mama, ta yi tashe a shekarun 1970, har kamfanin Analog Africa na Jamus ya sake buga kiɗe-kiɗenta a 2012. A Kwatano kuwa, duk wanda ya saurari Poly-Rythmo ya ji hannun Gustave Bentho a kan bas. Mutanen nan sun yi aikinsu ne a lokacin da samun tsirkiya ya fi na yau wuya nesa ba kusa ba, don haka dole makaɗi ya zama shi ne makanikin kayansa.

Abin da na gani a cikin kwali

Na ce wa yaron ya miƙo kwalin tsirkiyoyin. Na zazzage, na ƙirga, sai ga guda biyar. Jitar kuwa mai huɗu ce. Ɗan aike ya sayo na jita mai tsirkiya biyar, shi kuma yaro ya ɗauka ta biyar ɗin gyara ce aka yi masa, ya fara sawa daga mafi kauri.

To ga yadda lissafin yake. Jita mai huɗu ana ɗaure ta Mi, La, Re, Sol, daga babba zuwa ƙarama. Lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, kamar 45, 65, 85, 105, kaurin kowace tsirkiya ne a ma'aunin Turawa, kashi dubu na inci. Mai lamba 105, wato Mi, kaurinta ya kusa milimita 2.7. Mai biyar kuwa tana da ƙarin Si a ƙasa, mai lamba 125 ko 130 ko ma 135, kuma 130 ta kai milimita 3.3. Ramin da aka huda domin Mi ba dole ne ya karɓi Si ba. Maganin matsalarsa ta farko bai wuce a mayar da babbar cikin kwali a sa sauran huɗun ba. Da ya je wajen mai walda, da ya ɓata jakin maigidansa a kan abin da ƙirge kawai zai warware. Wannan shi ne darasi na farko: kafin ka taɓa ƙarfe, karanta kwali.

Sai dai ko tsirkiyar da ta dace takan cije, kuma ya kamata a san dalili. Tsirkiyar bas ba waya ɗaya ba ce. Akwai zuciya ta baƙin ƙarfe a tsakiya, sa'an nan aka naɗe ta da wata waya, manyan har naɗi biyu ko uku. A gindinta akwai ɗan zoben tagulla wanda bai kai santimita ɗaya ba, shi ke tokarewa a bayan jaki. Zuciyar ta zagaye zoben ne ta dawo aka murɗe ta a jikinta, wasu kamfanoni kuma su rufe wurin da zare mai launi. Saboda haka yatsa biyu na ƙarshe sun fi sauran jikin tsirkiyar kauri. Shi ya sa za ka ga ta wuce lami lafiya har sai an zo ƙarshe ta tsaya.

In haka ta faru, a bi mataki-mataki, daga mai sauƙi. Da farko a duba ramin, domin sau da yawa tsatsa ce da dattin gumi suka toshe shi. A goge da tsinke da ɗigon kananzir. In bai isa ba, a kankare zaren nan mai launi da reza a hankali, ba tare da an ji wa wayar ciwo ba. Zaren ba shi ke riƙe nauyi ba. In har yanzu ta ƙi, to sai a cire jakin daga jikin jitar, a sami siririn magagari mai zagaye, irin wanda ake kira wutsiyar ɓera, a ci ramin kaɗan, a gwada, a ƙara ci, a gwada. Ana gamawa a naɗe samfefa a jikin tsinke a goge bakin ramin ciki da waje har sai yatsa bai ji kaifi ba. Mai son Si a jita mai huɗu kuma, akwai tsirkiyoyin da aka yi wa siririn gindi musamman don wannan matsala, sai ya nemi irinsu. Amma ya sani sai an faɗaɗa mata gurbi a can bakin wuya ma, kuma abin da magagari ya ci ba ya dawowa.

Ni ma na taɓa yi

Ba don na fi yaron nan wayo na hana shi ba, sai don ni na riga shi faɗawa ramin. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje kuɗinsa ya ninka, har da tsirkiya. A lokacin ina taɓa kiɗa. Na sami wasu na hannu masu kauri, suka ƙi shiga, na kai jakin wajen wani mai huda ƙarfe, ya zura masa baki ya huda cikin minti ɗaya. Na yi murna, ban goge bakin ramin ba. Daren biki, ana tsakiyar rawa, kaifin ya yanke zuciyar babbar tsirkiya daidai wuyan zobe, ta tsinke ta zabge ni a hannu. Haka na ƙarasa dare da uku, ango yana harara, abokan aiki suna harara. Bayan haka kuma jitar ta riƙa wani gurnani a lasifika wanda na yi wata biyu ban gane kansa ba.

Ashe a ƙarƙashin jaki akwai wata 'yar siririyar waya da ta fito daga cikin katako, bakinta tsirara, jakin ya danne ta. Ita ke haɗa tsirkiyoyi da sauran wayoyin jitar don kashe gurnanin lantarki. Da na cire jakin sai ta zame ta koma rami, ni kuwa ban ma san da ita ba. Don haka duk wanda zai cire jaki ya lura da wannan waya, ya kankare bakinta ya yi haske, ya tabbata ƙarfe ya danne ta kafin ya ɗaure sukurori. Kuma a zare wayar lasifika daga jikin jitar kafin a fara kowane irin aiki.

Matsala ta biyu: zare a kan sirdi

Muka sa huɗun, muka ɗaure. Sol da Re da La suka yi magana garau, amma Mi ta yi wata murya dusashe kamar mai mura. Yaro ya ce, "Baba, ka gani ko? Na ce maka jabu ce." Na ce ya sunkuyo ya duba inda ta hau sirdi. Sai ga wurin nan mai kauri mai zare, shi ne zaune daram a kan sirdin.

Dalili kuwa shi ne, a irin wannan jita tsawon tsirkiya daga bakin wuya zuwa sirdi inci 34 ne, wato milimita 864, kuma ƙarfe na 12 a jikin wuya shi ne tsakiya. Amma da yake babbar tsirkiya ta fi tauri, kuma dannawa na ƙara mata ɗauri, sai an ja sirdinta baya kaɗan kafin muryarta ta daidaita. Saboda haka sirdin babbar tsirkiya shi ya fi kusa da ramin, ita ce kuma mai dogon kauri a gindi. In jakin gajere ne sai su haɗu. Tsirkiya kuwa ba ta kaɗawa da kyau sai tsabtataccen jikinta ne ya hau sirdi.

Maganin wannan ba ya cin ko dala. Na ce ya kawo tsofaffin tsirkiyoyin da ya cire, muka yanke zobbansu biyu, muka zura su a jikin sabuwar tun daga kai har suka sauka a kan zobenta, sa'an nan muka mayar da ita rami. Zobban suka ja ta baya, zaren ya sauka daga kan sirdi. In babu tsohon zobe, ƙaramin noti daga wajen mai gyaran keke ya isa. Abin lura kawai, da ka ja ta baya a nan, ka ja ta a can sama ma, don haka a duba kada siririn kanta ko zaren can ya faɗo cikin gurbin bakin wuya. Wannan dabara ita ce kuma maganin zoben da ya yi wa rami ƙanƙanta yana neman kutsawa ciki: a sa masa noti ya tokare.

Bayan an ɗaure, sai a sa babban yatsa a danna tsirkiyar da ƙarfi daidai gaban sirdi, ta ɓangaren wuya. Sabuwar tsirkiya mai kauri ba ta son lanƙwasa, takan yi baka a kan sirdin maimakon ta kwanta, sai an karya mata wannan taurin kai. Haka kuma kafin a gama ɗaurewa, a sassauta a bar zoben ya juya yadda yake so, domin tsirkiyar da ta murɗe a jikinta takan yi murya biyu.

Sauran abubuwan dubawa

Akwai jitocin da tsirkiyarsu ke shiga ta bayan katako ta ɓullo a jaki. Irin waɗannan suna cin ƙarin tsawo, kamar yatsa biyu ko uku, don haka a auna tsohuwa kafin a ba da saƙo. Kuma tsirkiya mai sumul, wadda aka naɗe da waya mai faɗi, ba kowace ke jure wannan lanƙwasa ba, takan buɗe ta karye. Mai kaushin nan da aka fi sani, wadda kamfanin Rotosound na Ingila ya yi suna da ita tun 1966, ta fi haƙuri da hakan.

Sai gurbin sirdi. In ya yi wa tsirkiya kaɗan za ta hau bakinsa tana zamewa, in kuma ya cinye ya yi kaifi zai riƙa tsinka ta a wuri ɗaya. Duk tsirkiyar da ta tsinke sau biyu a kan sirdi ɗaya, laifin na sirdin ne, a goge shi da samfefa mai laushi. Ƙananan sukurorin nan biyu kuma su taka farantin tare. In ɗaya na lilo, zai riƙa ƙara kamar an sa ƙuda a gwangwani. Makullinsu ɗan siriri ne mai kusurwa shida, na jitocin Asiya yawanci milimita 1.5, na Amurka kuwa a ma'aunin inci yake. In makulli bai zauna daidai ba kada a tilasta, domin da kan sukurun ya cinye an shiga wani aikin.

Yanayin ƙasarmu ma yana da nasa rabo. Da damina laima da gumin hannu ke sa sukurori tsatsa har su ƙi motsi. A ɗiga musu kananzir su kwana, gobe a goge a sa ɗigon man keken ɗinki. Da hunturu kuwa katako ke bushewa, sukurorin da suka kafe jaki su saki, har ka ga bayansa ya fara ɗagawa. In ramin katakon ya cinye, a cusa tsinken sakace biyu ko uku da gam ɗin kafinta, a bari ya bushe, a mayar da sukurun.

Daga ƙarshe sai daidaita murya. A ɗaga ko a sauke sirdi har tazarar da ke tsakanin babbar tsirkiya da ƙarfe na 12 ta zama kamar milimita biyu da rabi, ta ƙaramar kuma kamar biyu. Sa'an nan a kaɗa tsirkiya a sake, a kuma danna ta a ƙarfe na 12. Sunan muryar ɗaya ya kamata ya zama, ta biyun dai ta fi sama. In ta dannawar ta zarce, a ja sirdi baya, nesa da wuya. In ta gaza, a tura shi gaba. A riƙa sassauta tsirkiya kafin a juya dogon sukurun, kuma in sifirin ya matse ya hana sirdi komawa baya, a yanke masa kaɗan. A da kunne kawai muke da shi, yanzu kuwa wayar hannu ma tana auna murya, babu sauran uzuri.

Kafin a kira magariba mun gama. Yaro ya kaɗa, Mi ta amsa har ƙofar langa-langa tana rawa. Ya ce, "Baba, nawa zan bayar?" Na ce ya bar mini Si ɗin nan in ajiye, wata rana wani zai zo nema. Ranar Lahadi da yamma ya aiko mini da ƙullin goro da doya biyu daga Jugu, ya ce biki ya yi kyau, maigidan ma har ya tambaye shi inda ya kai jitar aka gyara.

Shawarata ga samarinmu makaɗa ita ce, Kwatano ta fi kilomita 400 daga nan, Legas ta fi haka, kuma ɗan aike ba makaɗi ba ne. In za ku ba da saƙo, ku rubuta masa adadin tsirkiyoyi da lambobinsu, ko ku ba shi tsohon kwali ya tafi da shi. Kada ku zubar da tsofaffin zobba. Kada ku sa sabuwar tsirkiya ranar biki, ku sa ta da kwana biyu ko uku ta zauna. In kuma kayan aro ne, kada magagari ya taɓa shi sai da izinin mai shi, domin amana ta fi jitar tsada.

Masu goge da gurmi da suka aiko suna tambaya a kan fatar da ke saki da damina, mun ji, kuma a kanta za mu tsaya a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai wata tambaya a kan sana'arsa ya aiko ta ofishin wannan jarida.